Ilmin Kasuwanci da Samun Aikin Yi

Ɗalibi mai karatun kasuwanci ko tattalin arziki yakan zaci da zarar takardar shaida ta shiga hannunsa, aiki ya samu. Malaminsa kuwa ya san ba nan gizo ke saƙa ba, domin mai ɗaukar ma'aikata yana neman wanda ya iya tsare littafin kuɗi, da rubuta wasiƙa, da riƙon amana.

Saboda haka ne Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1971, ya ƙirƙiro shirin SIWES a 1973, inda ake tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki da hannunsu. Duk wanda aka tura, kada ya mai da watannin nan hutu, gama a can ne masu ɗaukar aiki ke fara saninsa.