Maye a Zauren Otal: Haramci Kaɗai Ba Ya Tsare Ƙofa

A watan Mayun 2025 Gwamna Babagana Umara Zulum ya sanar da haramta sayar da giya a Maiduguri, ranar da yake ƙaddamar da kwamitin da zai bi sawun otal-otal marasa izini da gidajen karuwai da maɓoyar ɓata-gari. Ba sabon umarni ba ne. A Janairun 2017, zamanin Kashim Shettima, an hana sayar da ita a faɗin jihar in ban da barikokin jami'an tsaro, kafin nan kuma Borno na cikin jihohin da suka rungumi Shari'a a mulkin Mala Kachalla. Dokar da gwamna bayan gwamna ke sake shelantawa tana nuna cewa akwai inda hannunta bai kai ba. Ɗaya daga cikin wuraren shi ne zauren da ake haya a otal don dinar biki, ko walimar kammala karatu, ko liyafar rufe taron ƙungiya. A can, hana sayarwa ba ya hana mutum shigowa a buge. Abin da ke kiyaye mutuncin taro shi ne a san, tun kafin a kunna kiɗa, wanda alhakin ƙofar ke wuyansa.

Ba matasan yau ne suka fi na da ƙarfin hali ba, wurin taron ne ya sauya. A unguwa irin Old Maiduguri, wadda ta girmi Yerwar da aka kafa a 1907, bikin da ake yi a ƙofar gida yana da masu tsaronsa ba tare da an ɗauke su aiki ba. Daren wushe-wushe dangi ne ke cike da fili, Bulama ya san ɗan wane ne kowane yaro, kuma wanda ya zo yana tangaɗi, kafin ya ƙarasa tabarma wani kawunsa ya riga ya ja shi gefe. Da aka ɗauke shagalin aka kai shi zauren haya, aka ce da kati ake shiga, sai dattawa suka zauna a gida, wasu don kunya, wasu don ƙyamar kiɗan. Aka bar ƙofa a hannun mai gadi ɗaya wanda bai san kowa ba, aka bar zaure a hannun mai sanarwa da mai kiɗa, waɗanda ribarsu tana cikin ɗumamar fili. Idon unguwa ya fita, ba a sa komai a gurbinsa ba.

Sannan mayen da ake fama da shi ya daɗe da wuce kwalba. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi a 2018 tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun sha wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, ba a ma lissafa giya da taba ba. A Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Tiramol ɗin da NAFDAC ta yarda da shi ba ya wuce miligiram 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa yana kai 225. Shugaban NDLEA, Buba Marwa, ba baƙon garin nan ba ne, ya yi gwamnan soja a Borno daga 1990 zuwa 1992, sai dai jami'ansa ba za su tsaya a bakin kowane zaure ba. Ƙwaya tana shiga aljihu, sirof yana shiga robar lemo, giya kuma a mota ake shanye ta a wurin ajiye motoci. Mai otal zai iya rantsuwa cewa bai sayar da ko ɗigo ba, ya kuma faɗi gaskiya, alhali zaurensa cike yake da bugaggu.

Wata shari'ar Amurka ta fito da wannan batu fili. A Satumban 1991 ƙungiyar Tailhook ta matuƙan jiragen sama na rundunar sojan ruwa ta yi taronta na shekara a otal ɗin Hilton da ke Las Vegas. Aka sha aka bugu, kuma binciken ma'aikatar tsaro ya gano an ci zarafin mata 83 da maza 7. Sakataren rundunar ruwa ya ajiye aiki a 1992. Ɗaya daga cikin matan, Laftanar Paula Coughlin, ta kai otal ɗin ƙara, a 1994 kuma kotu ta ce ya biya ta diyyar miliyoyin daloli saboda ya yi sakaci wajen tsaro. Al'adarsu daban, amma hujjar ba ta da ƙabila: wanda ya karɓi kuɗin zaure ya karɓi amanar mutanen da ke ciki.

Ɗaukar amanar ba ta buƙatar sabuwar hukuma. Takardar haya ta ɗauki sunan mutum ɗaya daga masu taro wanda za a nema idan rigima ta tashi, tare da kuɗin ajiya da zai rasa in aka yi ɓarna, da lokacin tashi da ba a ɗagawa. A hana shigo da abin sha daga waje, a haskaka wurin motoci, a sa mace cikin masu duba jaka domin 'yan mata ma suna ɗaukowa. Wanda ya fita sau biyu ya dawo idonsa ya sauya, kada a bar shi ya koma. Mafi muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi, ma'aikata su san yadda ake fitar da mashayi. Tsawa a gaban jama'a tana tunzura shi. Mutum biyu su raka shi waje cikin lalama, a kira wanda ya gayyace shi, a karɓe makullin motarsa a sa shi a keke-napep. Shayi mai kauri ko goro ko ruwan sanyi ba sa kore maye, hanta ce ke aikinta, kuma tana cin kusan awa guda kan ƙaramin gwangwani ɗaya. Wanda ya haɗa tiramol da giya na iya faɗuwa da farfaɗiya ko numfashinsa ya yi ƙasa. Irin wannan a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi, a garzaya da shi asibiti. Kulle shi a ɗaki wai ya yi barci ya wartsake, ko miƙa shi ga 'yan gora su lallasa shi, na iya ƙarewa da gawa.

Wani malami zai ce tsara yadda za a bi da mashayi tamkar amincewa ne da shan. Damuwarsa tana da tushe, amma a duba wanda shirun ke cutarwa. Amaryar da aka watsa mata biki ba ta sha komai ba, haka yarinyar da aka tare a matakala, haka mai keken da bugagge ya banke a titin Baga da tsakar dare. Kare waɗannan bai rage wa haramcin komai ba. Abin da ke raunana shi shi ne a riƙa yi kamar ba a sha, har ranar da bidiyon abin kunya zai bazu a TikTok.

Wasu kuma na ganin a rufe zaurukan a huta. Maiduguri ta san inda zafin kai kan wannan batu ke kaiwa: a Yunin 2011 'yan Boko Haram sun kai hari wata mashaya a unguwar Dala, mutum kusan 25 suka mutu, kuma shan bai ƙare ba. Rufewar gwamnati ba ɗaya take da wannan ta'asa ba, amma ita ma korar shagalin take yi zuwa gidajen haya da bayan gari, inda babu mai gadi balle takarda. Ga masu girki da masu ado da masu ɗaukar hoto da ke ci daga zaurukan, a garin da rikici ya riga ya karya sana'o'i da yawa.

Ƙorafin da ya fi nauyi na mai otal ne. Zai ce wanda ke tayar da hankalin sau da yawa ɗan babban gida ne ko mai kaki, kuma mai gadin da albashinsa bai taka kara ya karya ba ba zai tare shi ba. Gwamnan da kansa, a jawabin nan na 2025, ya zargi wasu jami'an tsaro, na yanzu da korarru, da hannu a lalacewar. To a nan ne kwamitin ke da aikin da ya fi rusau. Ya sa sharuɗɗan ƙofa cikin lasisin kowane zaure, ya ba manajoji lambar da za su kira a zo cikin dare, ya kuma samu alkawarin rundunonin cewa jami'in da aka kama a buge a taron farar hula zai fuskanci hukuncin barikinsa. Otal ɗin da ya kira a kawo ɗauki kada a rufe shi washegari don ya kira. In aka yi haka sau ɗaya, sauran manajojin garin ba za su ƙara ɗaga waya ba.