Asalin Kalmar “Soccer” da Salsalarta

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin kalmar “soccer”, wadda ake kiran wasan ƙwallon ƙafa da ita. Jama'a da dama sun ɗauka Amurkawa ne suka ƙirƙiro ta. Za mu nuna cewa a Ingila aka haife ta, kuma saiwarta ta girmi Ingilishi kansa.

2.0 Haihuwar Kalmar

A shekarar 1863 aka kafa ƙungiyar “Football Association” a birnin Landan don daidaita dokokin wasan. A 1871 kuma masu wasan Rugbi, waɗanda ke ɗaukar ƙwallo da hannu, suka kafa tasu. Tun da yake wasannin biyu duk “football” ake ce musu, sai aka shiga kiran na farkon “association football” domin a bambanta su.

A ƙarshen ƙarni na 19, ɗaliban Jami'ar Okusfod suna da al'adar gutsure kalma su liƙa mata ɗafa-ƙeyar “-er”. Ta haka “rugby” ta zama “rugger”. Haka nan suka yanko “soc” daga tsakiyar “association”, aka sami “soccer”. Daga baya Amurkawa suka riƙe ta, saboda “football” a wurinsu wani wasa ne dabam.

3.0 Salsalarta

Ita “association” ta shigo Ingilishi ne a ƙarni na 16, asalinta kuwa Latin ne: ɗafa-goshin “ad-” da “socius”, wato abokin tafiya. Masana ilimin harsuna sun danganta “socius” da saiwar *sekw- ta kakan harsunan Indiya da Turai, mai ma'anar bi. Daga gare ta ne Latin ya sami “sequi”, Sanskirit ya sami “sacate”, duk da ma'anar bin wani. Ashe ke nan mabiyi ne ya zama aboki, abokai suka zama ƙungiya, ƙungiya ta ba wasa suna.

4.0 Kammalawa

Hausa ba ta ari ko ɗaya daga kalmomin biyu ba, sai ta fassara “football”, ta ce ƙwallon ƙafa. Darasin da ke nan ga manazartan kalmomin aro shi ne, mai yawan amfani da kalma a yau ba lalle ne shi ne mai ita ba. Wanda ya yanke hukunci bai bi tarihinta ba, ya yi kitso da ƙwarƙwata.