Wa Ya Fi Cancanta Ya Zaɓi Jagora a Birtaniya: 'Yan Majalisa Ko 'Yan Jam'iyya?

A shekarar 2022 Birtaniya ta ga firaminista uku ba tare da an yi babban zaɓe ba. Boris Johnson ya sanar da saukarsa a watan Yuli, Liz Truss ta karɓa ranar 6 ga Satumba, Rishi Sunak ya gaje ta ranar 25 ga Oktoba. Dukansu 'yan jam'iyya ɗaya ne, ta masu ra'ayin riƙau wato Conservative, amma hanyar da ta kai Truss mulki daban take da wadda ta kai Sunak. Ita 'yan jam'iyya masu kati ne suka zaɓe ta, shi kuwa 'yan majalisa ne suka tsayar da shi. Makonni bakwai ne kacal tsakanin zaɓukan biyu, kuma sun sake tayar da muhawarar da ta daɗe tana raba kan 'yan siyasar ƙasar.

A tsarin Birtaniya talaka ba ya jefa wa firaminista ƙuri'a kai tsaye. Ɗan majalisar mazaɓarsa yake zaɓa, a cikin kujeru 650 na majalisar wakilai. Jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye shi fadar sarauta ke gayyata ya kafa gwamnati. Saboda haka idan jam'iyya mai mulki ta canza jagora, ƙasar ce baki ɗaya ta canza shugaba. Nan ne lamarin ya sha bamban da gardamar da aka yi a Najeriya kan 'yar tinƙe da zaɓen daliget, wadda ta sa Shugaba Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin dokar zaɓe a Disambar 2021. A Najeriya wanda ya ci zaɓen fid da gwani ɗan takara ne kawai, sauran ya fuskanci jama'a. A Landan, idan jam'iyyarsa na kan mulki, kashegari ma yana iya kwana a gidan gwamnati na Downing Street.

Zaɓen 'yan majalisa shi ne ya riga. Masu ra'ayin riƙau sun fara shi a 1965, lokacin da suka zaɓi Edward Heath. Kafin nan manyan jam'iyya ne ke shawara a bayan labule su fito da suna. Ta wannan hanya Margaret Thatcher ta kayar da Heath a 1975, ta nan kuma aka raba ta da kujerar a 1990. Jam'iyyar Leba ma 'yan majalisarta ne kaɗai ke zaɓen jagora har zuwa 1981, sa'ad da aka raba ƙuri'ar tsakaninsu da ƙungiyoyin ƙwadago da rassan jam'iyya. Daga baya ƙofar ta yi ta faɗaɗa. William Hague, jagoran masu ra'ayin riƙau na lokacin, ya kawo musu sabon tsari a 1998: 'yan majalisa su tace 'yan takara har su rage biyu, sannan 'yan jam'iyya su ɗauki ɗaya. Leba ta wuce nan a 2014, ta daidaita ƙuri'ar ɗan majalisa da ta kowane mamba, har ta bar magoya baya su yi rajista da fam 3 su yi zaɓe.

Hujjar masu goyon bayan 'yan jam'iyya ba ta rainawa ba ce. Su ne ke biyan kuɗin kati, su ne ke bin gida-gida da takardun kamfe cikin sanyi da ruwan sama, su ne ke tsare jam'iyya ranar da ta faɗi. A ce musu su yi wahala amma ba su da ta cewa a kan wanda zai ja ragamarsu, ai rashin adalci ne. Ga shi kuma zaɓen yana farfaɗo da jam'iyya. Leba tana da mambobi kusan 200,000 kafin zuwan Jeremy Corbyn a 2015. A zamaninsa suka haura rabin miliyan, matasa da yawa suka shigo, kuma a babban zaɓen 2017 jam'iyyar ta samu kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u, ta hana Firaminista Theresa May rinjayen da ta je nema. Sannan yawon kamfe na makonni, da muhawara a gaban jama'a, gwaji ne ga mai neman mulki. May ba ta sha wannan gwaji ba a 2016 domin abokiyar takararta, Andrea Leadsom, ta janye. Sai a zaɓen 2017 aka gane ba ta iya kamfe ba. Gordon Brown ma ya hau ba hamayya a 2007, ya faɗi a 2010.

Hujjar masu goyon bayan 'yan majalisa kuwa ta fara ne daga sani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗan majalisa ya zauna da 'yan takarar nan shekara da shekaru, ya ga wanda ke karanta takardun aikinsa da wanda ba ya yi, ya san mai jin shawara da mai taurin kai. Ɗan jam'iyya a talabijin da zauren taro ya san su, inda mai daɗin baki ke cin kasuwa. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa a Yulin 2022, Sunak ya samu ƙuri'a 137, Truss 113, Penny Mordaunt 105. Da aka je gaban 'yan jam'iyya sai lissafi ya juye: Truss 81,326, Sunak 60,399. Ta yi musu alkawarin zaftare haraji nan take, shi kuma ya yi ta gargaɗi cewa cin bashi don rage haraji zai ƙara tsadar kaya da kuɗin ruwa. Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗinta, Kwasi Kwarteng, ya bayyana ragin haraji na kimanin fam biliyan 45 ba tare da ya nuna inda za a cike giɓin ba. Cikin kwanaki darajar fam ta yi faɗuwar da ba ta taɓa yi ba a gaban dala, Babban Bankin Ingila ya shiga kasuwa don ceto asusun fansho, kuɗin ruwan bashin gidaje ya tashi. Truss ta kori Kwarteng, ita ma ta bi bayansa. Kwana 49 ta yi a ofis, babu firaministan da ya yi ƙasa da haka a tarihin ƙasar.

Bayan sani sai wakilci. A ido, zaɓen mutum dubu 140 ya fi na mutum 350 kama da dimokuraɗiyya. Amma kowane ɗan majalisa yana wakiltar mazaɓa mai masu zaɓe wajen 70,000, kuma dole ya koma gabansu ya nemi ƙuri'a, har da ta waɗanda ba 'yan jam'iyyarsa ba. Ɗan jam'iyya ba ya wakiltar kowa sai kansa, ba kuma wanda zai tuhume shi in zaɓinsa ya ɓaci. Mambobin masu ra'ayin riƙau galibi dattawa ne masu rufin asiri, mazauna kudancin Ingila. Na Leba kuma sun fi sauran masu zaɓen jam'iyyar zafin aƙida. Duka biyun ba hoton ƙasar ba ne. Mutum 81,326 da suka ɗora Truss ba su kai ko kashi ɗaya cikin ɗari biyar na masu zaɓen Birtaniya ba.

Akwai kuma batun lokaci. Daga saukar Johnson zuwa nasarar Truss an kwashe kusan wata biyu, gwamnati na riƙon ƙwarya, alhali kuɗin wuta da gas na ta hauhawa saboda yaƙin Yukren. Zaɓen Oktoba kwana huɗu ya ɗauka: aka ce duk mai so ya kawo sa hannun 'yan majalisa 100, Sunak kaɗai ya rage a takarar. A 1990 ma, ana tsakiyar rikicin Kuwait, cikin mako biyu aka gama komai John Major ya hau.

Sai dai babban aibin tsarin 'yan jam'iyya yana wani wuri dabam: ya raba mai naɗawa da mai cirewa. Firaminista yana rayuwa ne da goyon bayan majalisa. Duk ranar da mutanensa suka ƙi bin sa, mulkinsa ya ƙare. Idan wasu ne suka ɗora shi, wasu ne kuma za su yi aiki da shi, an shuka rigima tun ranar farko. Iain Duncan Smith na masu ra'ayin riƙau ya zo na biyu a ƙuri'ar 'yan majalisa a 2001, 'yan jam'iyya suka fifita shi a kan Ken Clarke, bayan shekara biyu 'yan majalisa suka tsige shi da ƙuri'a 90 da 75, bai ko kai ga babban zaɓe ba. Corbyn da ƙyar ya haɗa sa hannu 36 a inda ake buƙatar 35, wasu ma aro suka ba shi don a faɗaɗa muhawara, amma ya lashe kusan kashi 60 cikin 100. A Yunin 2016 'yan majalisarsa 172 suka ce ba su amince da shi ba, 40 kacal suka tsaya masa. Ya ƙi sauka, mambobi suka sake zaɓensa, jam'iyyar ta ci gaba da yaƙi da kanta har zaɓen 2019 inda ta samu kujeru mafi ƙaranci tun 1935. A ɗaya gefen, jagororin da mambobi suka zaɓa kuma suka ci babban zaɓe, wato David Cameron da Johnson da Keir Starmer, duk dama su ne kan gaba a wurin 'yan majalisa. Inda ɓangarorin biyu suka yarda, ƙuri'ar mambobi tambari ce kawai. Inda suka saɓa, nan ake kwasar kashi a hannu.

Wannan ba ya nufin 'yan majalisa waliyyai ne. Da yawansu kujerar minista suke hange, suna bin wanda suke ganin zai saka musu. Su suka zaɓi Michael Foot a 1980, Leba ta sha mugun kaye a 1983. Sunak nasu ya kai jam'iyyar masu ra'ayin riƙau zaɓen 2024 ta tsira da kujeru 121, abin da ba ta taɓa gani ba. Sukan kuma yi wayon da ke cin mai shi: a takarar da ta biyo baya James Cleverly ya zo na ɗaya a wani zagaye, kashegari ya fita daga takarar, aka bar mambobi da Robert Jenrick da Kemi Badenoch, wadda ta yi ƙuruciyarta a Legas, ita kuma ta yi nasara. Bambancin shi ne kuskuren ɗan majalisa yana da farashi a kansa. In ya zaɓi jagoran banza, kujerarsa ce ke tafiya.

Idan aka ɗora su a sikeli, kowace hanya tana da muhallinta. Jam'iyyar da ke adawa tana da lokaci, tana buƙatar sabon jini, kuma duk wanda ta fitar sai ya bi ta hannun masu zaɓe kafin ya taɓa baitulmali. A nan babu laifi mambobi su yi zaɓinsu, muddin ɗan takara ya fara nuna yana da ƙwaƙƙwaran goyon baya a majalisa. Abin da ya sa Leba ta ɗaga sharaɗinta zuwa kashi 20 cikin 100 na 'yan majalisarta a 2021 ke nan. Jam'iyya mai mulki kuwa ba jagoran kanta kawai take zaɓa ba, shugaban mutum sama da miliyan 65 take naɗawa. Wannan nauyi ya fi dacewa da wuyan waɗanda jama'a suka zaɓa, waɗanda kuma jama'a ke iya kora.