Robar gefen tebur: ɓangaren sinuka da ba a gani, amma shi ke yanke hukunci

Da yamma ta yi a Abuja, bayan an tashi daga ofis, tebura masu koren kyalle sukan cika da 'yan wasa a lambunan shaƙatawa na Wuse da Garki, da kuma ƙananan wuraren hutawa na Kubwa da Nyanya. A bakin jama'a duk sunan wasan ɗaya ne, sinuka, ko da yake yawancin teburan da ake gani na wasan ful ne, wanda teburinsa ya fi ƙanƙanta kuma ƙwallayensa ke ɗauke da lamba ko launi biyu. Idan ɗan wasa ya yi kuskure, yakan ɗora laifin a kan sanda, ko alli, ko hannunsa. Ba kasafai yake tuhumar robar da ke kwance a ƙarƙashin kyallen gefe ba, alhali sau da yawa ita ce ta ci amanarsa.

Guda shida ne a kowane tebur: biyu a kowane dogon gefe, ɗaya a kowane gajeren gefe. Aikinsu shi ne su karɓi ƙwallo, su lotsa kaɗan, su mayar da ita da mafi yawan ƙarfin da ta zo da shi, a kusurwar da mai wasa zai iya ƙiyastawa tun kafin ya buga. Ɗigon alamomin da ake jerawa a kan katakon gefe, har goma sha takwas a teburin Amurka, don wannan lissafin aka yi su. Da zarar roba ta mutu, alamomin sun zama ado kawai.

Kafin roba, da tsumma da auduga da makamantansu ake cusa gefen tebur. A shekarar 1835 ne John Thurston, mai ƙera tebura a Landan, ya fara amfani da roba, sai dai ɗanyar roba ce, wadda takan yi tauri da sanyi ta yi laushi da zafi. A lokacin hunturun Ingila sai an kewaye gefen tebur da kwanonin ruwan zafi kafin a iya wasa. Abin da ya kawo ƙarshen wannan wahala shi ne hanyar dafa roba da farar wuta, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844. Shekara guda bayan haka, a 1845, Thurston ya koma yin gefen tebur da dafaffiyar roba. Farar wutar tana ɗaure zaruruwan robar da juna, shi ya sa take komawa siffarta bayan an danne ta, kuma ba ta damuwa da sauyin yanayi kamar da. Har yau a kan wannan tushe ake.

Itacen da ake tatsar wannan ƙaro daga jikinsa ba baƙo ba ne a Nijeriya. Ana noma shi a jihohin Edo da Delta da Ondo da Kuros Riba, kuma Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya tana Iyanomo, kusa da birnin Benin. Amma robar gefen tebur da ƙwararru ke nema da suna, daga waje take zuwa: Artemis daga Jamus, SuperSpeed na kamfanin Brunswick a Amurka, ko Northern Rubber na Ingila ga masu teburin sinuka na ainihi.

Bambancin mai kyau da mai araha yana cikin haɗin. Roba mai inganci mafi yawanta tsantsar ƙaron itace ne. Mai araha kuwa akan cika ta da garin yumɓu ko na alli domin a rage kuɗin yi. A ranar farko da wuya ido ya raba su, musamman da yake kyalle ya lulluɓe su duka. Sai an shekara uku ko huɗu sannan gaskiya ta fito, lokacin da mai arahar ta bushe ta yi tauri kamar katako, ko kuma ta saki ta zama kamar danƙo. Masu sana'ar gyaran tebur kan ƙiyasta wa roba mai kyau shekara ashirin ko fiye a ɗakin da aka kula da shi, yayin da mai arahar takan gaza kaiwa goma.

Wannan ƙiyasi, a lura, na ɗaki ne mai inuwa da daidaitaccen yanayi. Maƙiyan roba su ne zafi, da hasken rana, da iskar da muke shaƙa ita kanta, wadda ke cin robar sannu a hankali, da kuma iskar ozon da ke tsattsaga fuskarta. Duk wanda ya taɓa ganin tayar motar da aka ajiye shekaru a harabar ma'aikata ta tsage ba tare da ta yi tafiya ba, ya ga irin abin da ke faruwa a ƙarƙashin koren kyallen. To, a Abuja tebura da yawa a waje suke, ƙarƙashin rumfar kwano. A watan Maris da Afrilu zafin rana yana gasa su daga sama. Damina ta zo da laima, katakon da robar ke manne a jikinsa ya kumbura. Hunturu ya zo ya busar da shi ya tsuke. Wannan kai-da-kawo yana gajiyar da gam, har robar ta fara rabuwa da katakon ko da ita kanta ba ta lalace ba. Teburin da zai yi shekara ashirin a ɗakin sanyi bai kamata a sa ran zai yi rabin haka a irin wannan wuri ba.

Akwai kuma ɓarnar da mutane ke yi da kansu. Zama a kan gefen tebur ana hira, ko jingina cinya da dukan nauyin jiki domin a kai ga ƙwallo mai nisa, yana danne hancin robar ƙasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tsayin hancin yana da ƙa'ida. Hukumar wasan ful ta duniya, WPA, ta tanadi cewa wurin da roba ke taɓa ƙwallo ya kasance a kashi 63.5 cikin ɗari na kaurin ƙwallon, da rangwamen kashi ɗaya sama ko ƙasa. Ga ƙwallo mai inci biyu da kwata, wato milimita 57, hancin zai tsaya kusan milimita 36 daga shimfiɗar tebur. Idan ya yi ƙasa da haka, ƙwallo takan yi tsalle bayan ta daki gefe. Idan ya yi sama, sai ya danne ta ƙasa ya kashe mata gudu.

Hukumar ta kuma bayar da gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: a ajiye ƙwallo a ɗigon farawa, a buge ta a tsakiya da ƙarfi, sanda a miƙe, ta bi tsawon tebur. A tebur lafiyayye za ta yi tafiyar tsawonsa sau huɗu zuwa huɗu da rabi ba tare da ta yi tsalle ba. Kunne ma yana taimakawa. Roba mai rai ba ta da ƙara sosai, matacciya kuwa takan ba da wani dum mai nauyi, ƙwallon ta dawo a gajiye. Ana iya bin gefen da ɗan yatsa ana dannawa taki bayan taki, a ji inda ya yi tauri ko ya lotse fiye da sauran. Amma kafin a yanke wa roba hukunci, ya kamata a leƙa ƙarƙashin tebur a duba kusoshin da ke ɗaure katakon gefe. Sau da yawa sun kwance ne kawai, kuma sifana ta isa ta dawo da gefen da aka ɗauka ya mutu.

Inda lamarin ya fi shafar ma'aikata shi ne wurin sayayya. Kwamitin kulob ɗin ma'aikata, ko hadimin da aka ɗora wa alhakin gyara ɗakin hutawa na gidan saukar baƙi, yakan amince da takardar ɗan kwangila da ta ce “gyaran tebur” ba tare da wani bayani ba. Abin da ake yi galibi shi ne a sa sabon kyalle a kan tsohuwar roba, tebur ya yi kyau a hoton miƙa aiki, wasa kuma ya ci gaba da zama yadda yake. Asarar ninki biyu ce, domin ba a iya canza roba sai an cire kyallen gefe, kuma kyallen da aka cire da wuya ya koma daidai. Lokacin sauya kyalle shi ne lokacin da ya fi dacewa a duba robar.

Takardar aiki mai ma'ana za ta ambaci sunan kamfanin da ya yi robar da kuma siffarta, domin ba iri ɗaya ba ce. K-66 ita ce ta fi yawa a teburan ful na Amurka, akwai K-55 mai ɗan bambancin faɗi da kusurwa, teburin sinuka kuwa robarsa mai siffar harafin L ce. An sassaƙa katakon kowane tebur daidai da siffa guda. Idan aka manna wata dabam, hancin ba zai tsaya inda ya kamata ba, ko da kuwa robar ta fi kowace tsada. Haka nan ba a canza guda ɗaya a bar biyar, domin sabuwa da tsohuwa ba za su mayar da ƙwallo da ƙarfi ɗaya ba. Yana da kyau kuma a tambayi tsawon zaman da robar ta yi a shago, tunda tana tsufa ko ba a taɓa buga mata ƙwallo ba.

Mai sayen tebur na hannu shi ya fi buƙatar taka-tsantsan. Shimfiɗar dutse, idan tebur ɗin na da ita, takan wuce ƙarni guda tana aiki, amma robar da ke kewaye da ita ba ta da wannan tsawon rai, kuma sabon kyalle yana ɓoye shekarunta. Kuɗin roba shida da ladan mai sawa ya kamata su shiga cikin ciniki tun kafin a ɗora tebur a mota. Bayan an kai shi gida kuwa, kulawar ba ta da tsada: a nisanta shi da taga da hayaƙin janareta, a rufe shi da mayafi mai kauri idan an tashi wasa, a kuma tanadi kujeru a kusa domin masu jiran layi su daina zama a kan gefensa.