Yadda za ka mayar da tsohuwar waya bakin magana ga ƙaninka mai galahanga

Yaron da ba ya iya cewa "ina jin ƙishirwa" kan faɗe ta da kuka, ko ya riƙa buga kansa a bango. A gidaje da yawa sai a ce taurin kai ne ko iska. Sau da yawa galahanga ce, wadda likitoci ke kira otizim: bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, yana shafar magana da mu'amala da mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da ita.

A Anka da Bukkuyum akwai abin lura. Gubar dalma da ta ɓulla a 2010 a ƙauyuka irin su Bagega da Yargalma ta kashe yara sama da 400, kuma dalma na iya jawo jinkirin magana. Wannan daban, galahanga daban. Likita ne zai tantance, misali a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato. Kafin nan, wayar da ke hannunka na iya taimakawa.

Dabarar ta girmi wayar zamani. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka ƙirƙiro tsarin PECS a Amurka: yaro ya miƙa katin hoton abin da yake so, a ba shi abin. Manhajojin yau haka suke aiki, sai dai yaro ya taɓa hoto, waya ta furta kalmar.

Wadda ta fi suna, Proloquo2Go, ta na'urorin Apple ce, ga tsada. A Android akwai Cboard, wadda asusun ƙirƙira na UNICEF ya tallafa, da LetMeTalk, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba. Wannan batu ba ƙarami ba ne a wajenmu. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara tsawon makonni. Manhajar da ke jiran data, ranar da sabis ya ɗauke yaron ya koma shiru. Don haka kafin ka yarda da kowace, kashe data ka gwada ta.

Hotunan da ke zuwa da manhaja na wata ƙasa ne, babu tuwo, babu buta. Ɗauki naka da kyamara: kofinsa, kunu, bayan gida, Inna, tabarmarsa. Cboard na ba da damar naɗar murya, sai mahaifiyarsa ta faɗi kalmar da Hausarta. Fara da hoto 4 zuwa 6 na abubuwan da ya fi so. Idan ya taɓa "ruwa", ba shi ruwa nan take, ta haka zai gane taɓawar na da amfani. Kai ma ka riƙa taɓa hoton kana faɗin kalmar. Bincike bai nuna cewa hakan na hana yaro koyon magana da baki ba.

Don kada ya zarce TikTok, shiga saitin tsaro na wayar ka kunna "App pinning", wanda ke kulle allo a kan manhaja ɗaya.

Ga wanda ya ɗan tasa, hotuna na koya masa yi wa kansa. Ɗauki hoton kowane mataki na alwala, goge baki ko sa riga, ka jera su a kundi ɗaya, ka sa ƙararrawa a lokacin da aka saba yi. Masu galahanga kan fi natsuwa idan sun san abin da ke tafe.

A ƙarshe, wanke hotunan a shagon hoto, ka sa musu leda. Batir na mutuwa, waya na faɗawa ruwa, amma katin na nan a aljihunsa.