Kyamara Mai Launi ko Mai Baƙi da Fari: Shawara ga Mai Son Ɗaukar Hoton Taurari

Duk wanda Allah Ya sanya wa ƙaunar ilmin falaki, har ta kai shi ga ɗaura kyamara a bayan madubin hangen nesa domin ya riski abin da ido ya gaza gani, lalle wata mas'ala za ta tare shi tun kafin ya kwance bakin jakarsa: shin mai launi zai saya, ko mai baƙi da fari? Wanda bai san sha'anin ba zai ce amsar a fili take, alhali kuwa da yawa daga ma'abota wannan fanni ta biyun suka riƙa, kuma suna da hujja.

Asalin al'amarin shi ne, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara bai san launi ba. Miliyoyin ƙwayoyi ne a jere, kowace tana tarar haske kamar yadda ƙwarya ke tarar ruwan sama, ta faɗi yawansa kawai. Bryce Bayer, masani a kamfanin Kodak na Amurka, shi ya zo da hikimar da aka yi wa rajista a 1976, wato a lulluɓe ƙwayoyin da ƙananan matatai, ta yadda cikin kowace huɗu biyu za su ga kore, ɗaya ja, ɗaya shuɗi, sa'an nan lissafi ya cike saura. Da rana wannan ba ya cutarwa, don haske ya wadata. Amma gajimaren haidirojin da taurari ke tsirowa a cikinsa, babban rabon haskensa ja ne mai tsawon zango nanomita 656, saboda haka ƙwaya ɗaya cikin huɗu ce kaɗai ke cin moriyarsa sosai.

Ita kuwa mai baƙi da fari, da yake ba a rufe mata ƙwaya ko ɗaya ba, dukkansu suna aiki tare a bayan mataci guda da mai ita ya zaɓa. Idan kuma ya sa mataci mai ƙunci, wanda ba ya barin kome wucewa sai hasken haidirojin, to, fitilun birni da farin wata ba za su ɓata masa dare ba illa kaɗan. Ta wannan tafarki madubin Hubble ya ɗauki shahararren hoton ginshiƙan nan na gajimaren Gaggafa a 1995: hasken haidirojin dabam, na oksijin dabam, na farar wuta dabam, daga bisani aka ba kowanne launi aka haɗa.

Sai dai fa wannan falala tana da tsada. Ban da kuɗin matatai da faifan da ke juya su, akwai haƙurin ɗaukar abu guda sau uku ko huɗu, kuma a ƙasarmu, inda hadari ke rufe sama da damina, hazo ya gaje shi da hunturu, mutum na iya gama ja, kafin ya kai ga shuɗi sararin ya tafi. Mai launi kuwa, ko sa'a guda ya samu, hotonsa cikakke ne. Haka nan Surayya, wadda muke kira Kaza da 'Ya'yanta, shuɗin da ke kewaye da ita ƙura ce mai mayar da hasken taurari, ba abin da mataci mai ƙunci zai ƙara mata. Duhun ƙauye take bukata.

A ganina, mai farawa, musamman wanda ke iya fita bayan gari, ya sayi mai launi, ya koyi bin tauraro da tara hotuna. Wanda kuwa zaman birni ya zame masa tilas, kuma gajimaren haidirojin ne muradinsa, ya jinkirta har ya tara kuɗin mai baƙi da fari.