Mai Otizim Da Abokai Masu Wuyar Zama

Yau za mu yi magana a kan wata larura wadda ke cikin garuruwanmu tun kaka da kakanni, amma ba mu cika sanin sunanta ba. Likitoci suna kiranta otizim. Wanda ya sami wannan takarda a ɗakin shan magani, a Ruwan Gizo ne ko a wani ƙauye na ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, muna roƙonsa ya karanta wa wanda bai iya karatu ba.

Mene Ne Otizim?

Otizim wata halitta ce ta ƙwaƙwalwa da ake haihuwar mutum da ita. Alamunta sukan bayyana tun yana yaro ƙarami. Mai ita yakan sha wuya wajen gane nufin mutane in ba su fito fili sun faɗa ba. Yakan so a yi kome bisa tsarin da ya saba. Hayaniya da cunkoso da haske mai ƙarfi sukan dame shi fiye da sauran mutane. Yakan ƙwallafa rai a kan abu guda har ya san shi ciki da waje.

Larurar hawa-hawa ce. Wani ba ya magana sam, yana bukatar mai kula da shi muddin ransa. Wani kuwa yana noma, yana cin kasuwa, har ya yi aure, sai dai a riƙa cewa wane ba ya son mutane, ko wane ba shi da wayo. Maganarmu ta yau ta fi shafar irin na biyun. Waɗansu sukan kira larurar galahanga, amma wannan kalma jama'a sun haɗa larurori dabam-dabam a cikinta.

A 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara a birnin Baltimo na Amurka, Leo Kanner, ya rubuta bayanin yara 11 masu waɗannan alamu. Ƙididdigar duniya ta 2021 ta nuna kimanin mutum 1 cikin 127 yana da otizim. In an bi wannan lissafi, garin da ke da mutum 1,000 zai iya samun kamar mutum 8.

Ba aikin aljannu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuwa laifin uwa ba ne. Gado shi ne babban dalilinsa. Allurar rigakafi ba ta kawo shi. A 1998 wani likita a Ingila ya yi wannan zargi, aka bincika aka tarar ba gaskiya ba ne, a 2010 aka janye rubutunsa, aka kuma hana shi aikin likita. Babu maganin da ke kawar da otizim, saboda haka kada kowa ya sayar da akuyarsa ya kai wa mai cewa zai warkar da shi.

Me Ya Sa Abota Ke Yi Masa Wuya?

Ku duba yadda mu Hausawa muke magana. Yaro yana ɓarna, uwa ta ce, "Ci gaba, ka ji!" alhali nufinta ya bari. Wannan gatse ke nan. Ga habaici, ga wasan taubasai, ga kara, watau mutum ya ce ya ƙoshi alhali yunwa yake ji. Yawancinmu muna gane waɗannan daga murya da fuska. Mai otizim kuwa yakan ɗauki magana yadda aka faɗe ta. In mutum ya ce masa, "Ni abokinka ne," to, ya gaskata ke nan.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Wani masani a Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa mai otizim ne, ya yi bayani a 2012 cewa rashin fahimtar daga gefe biyu take. Yadda mai otizim ba ya gane mu, haka mu ma ba mu gane shi. In bai dubi idonka ba sai ka ce raini ne, in ya faɗi gaskiya tsirara sai ka ce rashin kunya ce.

Sa'an nan kuma da yawansu sun tashi ba su da abokin wasa. Wanda ya daɗe cikin kaɗaici, duk wanda ya yi masa fara'a sai ya riƙe shi da hannu biyu, yana tsoron in ya ce a'a zai rasa shi.

Abokai Iri Huɗu

Na farko shi ne mai ci da guminsa. Kullum rance ba biya, aron babur, aron waya. Ya kai shi aiki gonar shinkafa a fadamar Bakolori, ya karɓe ladan. Ranar Talata, in ya ga ya sayar da kayansa a kasuwar Mafara, sai ga shi da gaisuwa.

Na biyu shi ne mai mai da shi abin dariya. Yakan kira shi majalisa don a tsokane shi, in ya fusata a ɗauke shi hoto a waya a yaɗa.

Na uku shi ne mafi haɗari, mai jefa shi cikin halaka. Kowa ya san halin da ƙasar Zamfara ta shiga game da 'yan bindiga. A 2021 har gwamnatin jiha ta hana sayar da fetur a jarka, ta rufe kasuwannin mako na wani lokaci, don a yanke musu hanyar samun kaya. Mai mugun nufi yakan nemi wanda ba ya yawan tambaya, ya ba shi ƙulli ya ce, "Kai wa wani mutum a bakin daji." Ko ya riƙa bugun cikinsa, wa ya sayar da shanu, wa ya dawo daga tafiya da kuɗi. Ko ya ba shi ƙwayar tiramol, ko ruwan kodin wanda gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018, ya ce zai cire masa kunya. In an kama mutum da kayan, cewa aike ne ba ta fid da shi nan take.

Na huɗu aboki ne na kirki wanda bai sani ba. Yana da ɗaga murya, yakan dafa shi ba zato, yakan sake shiri ba sanarwa. Wannan bayani kawai yake bukata. In an gaya masa zai gyara, kuma da haka ake bambanta shi da sauran ukun.

Yadda Za Ka Sa Iyaka

Yanzu da kai muke, kai mai otizim. Ka san gambar da ake dasawa tsakanin gona da gona. Mai gona ba don gaba da maƙwabcinsa ya dasa ta ba, don kowa ya san inda nasa ya tsaya ne. Haka mutum yake sa iyaka ga kuɗinsa da jikinsa da lokacinsa da asirin gidansu.

1. Ka auna aboki da aikinsa. Ka tambayi kanka abu uku. Ya taɓa zuwa wurina ba don neman wani abu ba? In na ce ba na so, yana bari? Yana ce mini kada in gaya wa mutanen gida? Wanda ya ce ka ɓoye wa gida abin da ke tsakaninku, ka yi hattara da shi.

2. Ka yanke dokokinka tun kana gida, kafin a tambaye ka. Misali, ba na ɗaukar kayan da ban ga abin da ke ciki ba. Ba na ba kowa lambar asirin katin bankina. Ba na ba da sabon rance sai an biya tsoho. Ba na faɗin dukiyar kowa. Ba na shan ƙwayar da ba malamin asibiti ya ba ni ba.

3. Kada ka ba da amsa nan take. Ka ce, "Abokina, sai na yi shawara da Kawu tukuna." Mai nufin alheri zai jira. Mai matsa maka lalle sai yanzu, shi ne abin tsoro.

4. Ka haddace magana gajera. Ga tsaranka ka ce, "Ka yi haƙuri, ba zan iya ba." Ga babba ka rusuna ka ce, "Baba, ku gafarce ni, ba zan iya ba." Ba tilas ne ka kawo dalili ba. In ya sake roƙo, ka sake faɗin maganar nan yadda take. Kunyar mara kunya asara ce.

5. In wasa ya yi maka zafi, ka ce, "Wannan wasan ba na sonsa, a bari." In ba a bari ba, ka yi sallama ka tashi tun ranka bai gama ɓaci ba. Ka nemi wuri shiru ka huta.

6. Ka zaɓi amintacce guda, yayanka ko kawunka ko malaminka. In magana ta shige maka duhu, ka tambaye shi, "Yaya, da gaske yake ko gatse ne?"

Ke ma 'yar'uwa, wannan magana taki ce. An fi gane otizim ga maza, domin mata da yawa sukan ɓoye ta wurin kwaikwayon 'yan'uwansu, abin kuwa yana gajiyar da su ƙwarai. Ƙawar da ke karɓar kwasan adashinki, ko ta ari zanenki ba ta mayar ba, ki ce mata, "Ƙawata, sai kin dawo da na farko." In hayaniyar gidan biki ta yi miki yawa, ki gai da uwar biki, ki ba da gudummawarki, ki koma gida.

Ka sani wani zai yi fushi ranar da ka fara cewa a'a, wani ma zai daina zuwa. Wannan yana da ciwo, amma wanda ya tafi don an hana shi kuɗi, kuɗin yake bi tun farko.

Ga Iyaye Da 'Yan'uwa

Kada ku kulle shi a gida don tsoron abokan banza, gama kaɗaici shi ma cuta ne. Ku zauna da shi da dare, ɗayanku ya zama mai roƙon rance, shi kuwa ya gwada amsa, har bakinsa ya saba. Ku yi masa magana a fili ba habaici. In ya kawo ƙara ku saurare shi, domin in kun yi masa tsawa yau, gobe ba zai faɗa ba. A gida ma ku girmama a'arsa a kan ƙananan abubuwa, don a gida ake koyonta. Ku nema masa abokan zama ta wurin abin da yake so, ko kiwo, ko gyaran rediyo, ko makarantar allo. A Amurka akwai wata mai otizim, Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947. Son shanu ya kai ta har ta zama farfesa, kuma shingayen dabbobi da ta tsara ana aiki da su a mayankai masu yawa.

In cutarwa ta yi yawa, a kai magana ga mai unguwa ko dagaci. A Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci.

Yaushe Za A Je Asibiti?

Otizim ba ya warkewa, amma abubuwan da kan zo tare da shi, kamar farfaɗiya da rashin barci da yawan fargaba, suna da magani. In kun ga ya daina cin abinci, ko ba ya barci, ko ya ƙi fita inda ya saba, ko kayansa suna ɓacewa, ko kun ga rauni a jikinsa, ku tambaye shi a hankali, ku kawo shi ɗakin shan magani. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a kwana ba a kawo shi ba. Malamin asibiti zai tura ku babban asibitin Talata Mafara, ko asibitin tarayya na Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Jama'a, mai otizim ɗanmu ne, ƙanenmu ne, amana ne a hannunmu. Duk wanda ya ga ana tsokanarsa a majalisa, ko ana aikensa inda bai kamata ba, ya tsawata.